Ƙullin da Aka Bari a Kan Turmi

Tun da muka dawo daga kwanan daji ban samu sakat ba a unguwarmu ta Dutse Uku a nan Jos. In na je gidan suna a tare ni, in na je gaisuwa a matso kusa da ni ana raɗa: "Hajiya, da gaske ne kin kwana a tanti kamar soja?" Wata ta ce ko kura ba ta leƙo ba. Wata ta ce ga ɗaki ga gado ga bargo, me ya kai tsohuwa kwana a ƙasa? Yanzu kuma maƙwabciyata Hajiya Talatu ta zo da tata, wai ɗanta ma zai kwashe su a mota, in gaya mata abin da ake ɗauka idan da yara. To, ku gyara zama in faɗa sau ɗaya in huta. Ba tatsuniya ba ce, da ƙafata na je, da idona na gani. Sai dai labarin manya ne, kada wadda ta kai shi kunnen yara.

Wanda ya kawo maganar ɗana ne na fari. Kun san bakina bai taɓa kama sunansa ba, uban Haidar nake cewa. Tun da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Ni da shi sai gaisuwa. In ina da magana in faɗa wa bango, ko in bi ta bakin yaro, shi kuma ya ji ya yi. Haka muka tashi muka ga ana yi, haka na riƙe. Yana aikin ofis, yana zaune da matarsa Rukayya da 'ya'yansu biyu, Haidar wanda ya kusa shekara goma, da ƙanwarsa Amira.

Ni kuma ina da nawa a ɗaki, ɗan 'yata da ke aure a Bauci. Yaye aka kawo mini shi, ya zauna. Maigida nake ce masa, kamar yadda kowace kaka ke kiran jikanta. Shekararsa bakwai a lokacin, kuma yana fitsarin kwance. Yanzu Allah ya yaye masa, shi ya sa bakina ya buɗe. Amma a lokacin daga ni sai shi muka sani. Ina shimfiɗa masa leda a ƙarƙashin zanen gado, ina tashinsa cikin barci in kai shi bayan gida, in an yi rashin sa'a in wanke in shanya kafin gida ya farka. Ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya wa kowa ba.

Ranar da kawunsa ya ce za a je a kwana a daji yara su sha iska, har tsalle ya yi. Da yamma sai ga shi ya zo ya zauna a gefen tabarmata, yana wasa da bakin zanena.

"Kaka, ni ba zan je ba."

"Don me, Maigida?"

"Haidar zai gani."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ni ma zan je, kusa da ni zai kwana, yadda muke yi a gida haka za mu yi a can. Kun ji abin da ya kai tsohuwa daji. Ba sha'awar kwana a ƙasa ba ce.

Ranar tafiya suka iso da hantsi, mota ta riga ta cika. Ga tanti biyu a naɗe cikin jaka kamar laima, ga katifu da ba su da auduga sai an hura musu iska, ga ƙaramin risho na gas, ga kula ta sanyaya abin sha, ga jarkokin ruwa, ga barguna da rigunan sanyi, ga akwatin magani, ga ƙwallon Haidar. Har saman mota an ɗaure kaya. Ni kuma na fito da nawa zaure: ƙaramin turmi da taɓarya, tukunyar ƙarfe, kurfoti da gawayi, tabarma, buta, darduma, da ƙulli guda a tsohon zanen atamfa. A cikin ƙullin nan ledar Maigida take, da wandunansa na canji, da sabulu.

Rukayya ta riƙe haɓa. "Hajiya, kwana ɗaya ne fa. Me za mu daka a daji?"

Na ce, "Ban taɓa jin inda aka ɗora tukunya babu turmi a kusa ba."

Aka yi dariya, aka fara rage mini kaya. Turmi ya koma, tukunya ta koma, kurfoti ya koma. Gaskiya ce tasu, ko an so babu wuri. Sai uban Haidar ya ɗaga ƙullin, yara duka suna tsaye.

"Hajiya, wannan fa? Mene ne a ciki?"

Na dubi Maigida. Idonsa yana kaina, bai ko ƙifta ba. Haidar yana gefensa, ya miƙa hannu zai taɓa ƙullin. Da wani ɗana ne da na ce a saka mini kayana ba na son tambaya, a wuce wurin. Amma ɗan fari ba a jayayya da shi a gaban mutane. Na juya na dubi bango na ce, "Tsummokara ne."

"To a bar su, akwai bargo da yawa."

Ya ɗora shi a kan turmi, aka ja ƙofa. Muka hau mota, Maigida ya matse a jikina. Na raɗa masa, "Za mu tsaya a Bukuru. Leda ba ta ƙare a kasuwa ba."

Muka ratsa gari, muka sha cunkoso, muka kai Bukuru. Aka tsaya sayen burodi da ƙanƙarar da za a zuba a kula, da ashana, don duk yawan kayan nan ba wanda ya tuna da ashana. Na gyara mayafi na ce wa Amira, "Gaya wa ubanki zan sauka in sayi goro."

Ya ce, "Hajiya ki zauna, masu keke Napep sun cika hanya, kada a ture ki. Haidar, ruga ka sayo wa Kaka goro."

Yaro ya ruga ya dawo da goro fari tas. Ina da goro a jakata, ga wani an ƙara mini, leda kuwa ina hango ta a rataye a shagon wani mai kayan roba, iska tana kaɗa ta, har muka wuce.

Gaba kaɗan da gari muka iske shinge. Jami'in da ke wurin ya zagaya motar yana kallon kayan sama.

"Oga, ƙaura ne?"

"A'a, za mu kwana a daji ne, yara su ga wuri."

Ya leƙo ta taga ya gan ni, ya ce da Hausarsa da ba ta nuna ba. "Mama, kai ma?"

Na ce, "Ni ma, ɗana."

Ya yi dariya har ya dafa mota. "Ni aiki ne ya sa ni kwana a waje. Mama yana da gida, yana da gado, ya ce sai daji! Allah ya kiyaye hanya." Na miƙa masa goron Haidar, ya karɓa da hannu biyu.

Daga nan muka bar kwalta muka hau jar hanya, mota tana rangaji, jarkoki suna kuka a baya. Wurin da muka sauka gona ce a gefen wani tsohon ramin kuza da ya cika da ruwa. Mai wurin wani dattijo ne ɗan ƙabilar Birom, ana ce masa Da Pam, matarsa kuma Ngo Kaneng. Sun share fili a ƙarƙashin itatuwa suna karɓar baƙi irinmu. Kafin mu sauke ko jaka ɗaya, Da Pam ya tara yaran ya nuna musu ruwan da sandarsa ya ce ba a zuwa bakinsa, ba shi da gangare, daga taku ɗaya sai zurfi. Na ji daɗin maganar, don marigayi mijina ya yi aikin kuza, na san abin da ramukan nan suke ci. Ita kuma Ngo Kaneng da ta ga darduma a hannuna, ban tambaya ba ta nuna mini wani dutse mai tsaga ta ce, "Mama, gabas ɗinku can ne."

Na ga abubuwa a wurin nan. A zamaninmu mai kwana a daji ko mafarauci ne, ko makiyayi, ko wanda dare ya yi wa a hanya, kuma in ya dawo jaje ake yi masa. Yanzu ga masu gida da fanka sun baro su da gangan. Akwai wasu baƙi can gefe da suka zo da kare, a kan kujerar mota yake zaune kamar ɗan gida. Ga maza suna hura wuta suna gasa nama, mata sun miƙe ƙafa suna hira. Uban Haidar da kansa ya shiga kafa tanti, ya shige ciki yana gyara ƙarafuna, abin ya rufto masa, sai ƙafafunsa ake gani. Yara suka faɗi ƙasa don dariya. Ni na juya baya ina gyara ɗankwali, don bai kamata ya ga haƙorana ba. Sai da Da Pam ya zo ya riƙe masa gefe ɗaya tanti ya tsaya.

Aka hura katifu da famfon ƙafa. Na taɓa ɗaya na ji roba ce. Na ce a raina wannan ba ta shan ruwa, in abu ya zuba gangarawa zai yi wajen na kusa.

Sai aka zo rabon makwanci. Uban Haidar ya ce, "Wannan na mata, Hajiya da Rukayya da Amira. Wannan na maza, ni da sojojina biyu."

Na dubi itace na ce, "Ku gaya masa ba a raba ni da maigidana a daji. Wa zai tsare ni?"

Rukayya ta yi dariya. Haidar ya ce, "Ɗan Kaka! Ɗan Kaka! Je ka kwana da mata, a goya ka!"

Maigida ya tsaya tsakanin tanti biyu. Na ga yana kallon na maza, yana kallon tocilan da kawunsa ya rataya a ciki. Sai ya ce, "Da maza zan kwana."

Na ɗauki dardumata na nufi tantin mata.

Da la'asar yaran suka bi lambatun da ake ban ruwan kabeji, suka dawo da kwaɗi a bokiti. Haidar ya ɗaga ɗaya ta ƙafa yana ba da labarin wani yaro a layinsu mai fitsarin kwance, wai an ɗaura masa kwaɗo a ƙugu, an zagaya da shi ana yi masa waƙa ana tafi, har ya daina fita wasa. Amira ta yi dariya. Maigida ma ya yi, tasa ta fi ta kowa ƙarfi. Ngo Kaneng ce ta zo ta ce su mayar mata da kwaɗinta, su ne ke cinye mata ƙwarin lambu. Suka mayar.

Daga wannan lokaci yaron nan bai ƙara sa ruwa a bakinsa ba. Rukayya ta ba shi lemo ya ce ya ƙoshi. Ngo Kaneng ta kawo mana gwaten acca da ganye a babbar roba, yana tururi, irin wanda ake sha ana gumi ko da sanyi, ya ce cikinsa ne ke ciwo. Ya ci busasshen burodi da naman da kawunsa ya gasa, yana haɗiya da ƙyar. Aka dafa shayi, shi da yake lashe kofi har gindi, ya ce ba ya so. Leɓunansa suka bushe. Ya zo ya zauna kusa da ni ya ce a hankali, "Kaka, in ban yi barci ba ai ba zan yi ba, ko?"

Na yi tunanin roƙon Ngo Kaneng buhun taki in shimfiɗa masa. To a ce don me, kuma a gaban wa? Na yi tunanin in tashi cikin dare in tashe shi yadda na saba. To ta ina? Ni da ban taɓa taka ɗakin da ɗana na fari yake kwance ba, in ja ƙofar tanti in tsallake shi? Na yi tunanin Rukayya, amma ita ma ba a can za ta kwana ba. Duk inda na juya, mutum ɗaya ne zai iya, kuma shi ne wanda ban taɓa tsayawa gaba da gaba na yi wa magana ba. Ga alkawarin da na yi wa yaro. Na yi sallar magariba da wannan a raina, ban san me na karanta ba.

Da na sallame na hango uban Haidar ya nufi mota shi kaɗai zai ɗauko barguna. Na tashi na bi shi. Na tsaya a bayansa na ce, "Kai."

Ya juya ya dubi hagu, ya dubi dama, yana neman yaron da nake kira. Babu kowa sai shi. Ya saki bargon ya durƙusa.

"Na'am, Hajiya."

Tayar mota nake kallo. Na ce, "Yaron nan yana fitsarin kwance. Ni nake tashinsa. Yau ba zan iya ba."

Na ji kamar in koma in ce ban faɗa ba. Can ya ce, "Ƙullin nan da na sauke."

"Shi ne."

Ya dafe kai da hannu biyu. "Ki yafe mini, Hajiya. Wallahi ban sani ba." Sannan ya ce, "Farkon barci ne da kuma kafin asuba, ko?"

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

"Haka Inna take yi mini." Kakarsa ke nan da ta raine shi. "Har na yi wayo sosai ina yi. Ita ma leda take shimfiɗa mini, ta wanke tun da duhu. Ba wanda ya sani sai ni da ita."

Jama'a, ɗan da na haifa, gashi ya fara fari a gemunsa, sai ranar na san wannan, a bayan mota, a gonar mutane. Gida ɗaya muka zauna, ɗaki yana kallon ɗaki. Na ɗaga ido na dube shi, shi kuma ya sunkuyar da nasa. Na ce, "Kada ya san na faɗa. Na yi masa alkawari."

"Ba zai sani ba. Ki je ki kwanta, Hajiya."

Na shiga tantin mata na kwanta a kan katifar iska. Duk wanda ya motsa sai kowa ya motsa. A nan na san sanyin Jos na gida wasa ne, na daji daga ƙasa yake tasowa ya shiga ƙashi. To Talatu, ga amsarki, tunda barci bai zo mini ba a daren nan na yi ta lissafin abin da ya kamata a ɗauko. Bargon shimfiɗa ya fi na rufa amfani, ki sa ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Kowane yaro hula da safa da rigar sanyi, da kayan canji fiye da yadda kike zato, don yaro a daji ba ya wuni a bushe. Ruwan sha ki ɗauka daga gida, buta ki sa biyu, tocila kowa da tasa, maganin sauro, man zafi, gishiri da ashana a jaka ɗaya. Abincin da ba ya son wuta, ƙuli-ƙuli, dambun nama, burodi, don yunwar yaro ba ta jiran risho. Takalma a shigar da su ciki, namu raɓa ta jiƙa su sharkaf. Turmi ki bar shi, ban yi kewarsa ba. Abin da kuma yaro ba ya so a gani, kada ki ƙulle shi a zane ki ajiye cikin kaya inda za a ɗaga a tambaya. Ki sa shi a jakarki ta hannu, ki ɗora a cinya, ki zauna a kai in ta kama.

Da asuba na fito alwala, ciyawa ta jiƙe, hazo ya kwanta a kan ruwan kuza, zakarun Da Pam suna ta cara. Na yi salla na zauna a kan darduma ina jan carbi, idona a kan ƙofar tantin maza. Gari ya yi haske. Haidar ya fara fitowa yana miƙa. Uban ya fito ya gaishe ni daga nesa yadda ya saba, na amsa wa itace yadda na saba. Sannan Maigida ya fito, da hular kawunsa ta rufe masa kunnuwa. Allah ya gafarta mini, wandonsa na fara kallo kafin fuskarsa.

A bushe yake.

Ya zo da gudu ya kama hannuna yana ja. "Kaka, zo ki ji wata magana." Ya kai ni can bayan itace inda ba mai jin mu, ya sa na sunkuyo, ya kafa baki a kunnena.

"Kawu tsoron duhu yake ji."

Na ce, "Haba dai, Maigida. Babban mutum kamarsa?"

"Wallahi! Tashina ya yi ya ce in taimake shi in raka shi bayan gida, shi kaɗai ba zai iya ba. Har sau biyu. Ni na riƙe tocila, ni ne a gaba. Da muka je ya ce tunda na zo ni ma in yi, kada in dawo a banza." Ya waiwaya ya dubi inda Haidar yake buga ƙwallo. "Bai tashi Haidar ba, ni ya tasa. Ya ce ni ne ba na tsoro."

Na ce, "Ai ya san wanda ya zaɓa."

Ya ƙara riƙe hannuna, fuskarsa ta yi irin ta manya. "Kaka, kada ki gaya wa Haidar. Dariya zai yi masa, kuma babu daɗi a yi wa mutum dariya a kan abin da ba da gangan yake yi ba."

Na ce, "Ba zan gaya masa ba."

Ya saki hannuna ya ruga wajen kawunsa da ke ƙoƙarin kwance tanti, ya tsaya a gefensa ya kama masa igiya.